Hawan jini da tushen ƙwaƙwalwa: me ya sa jiki ba ya ƙorafi?

A Madalla, kamar sauran garuruwan da ke maƙwabtaka da Abuja, da wuya a yi zancen hawan jini a tashi ba a ji ɗaya daga cikin wasu maganganu ba. Wani ya ce tunani ne ya jawo masa. Wani ya ce yana ganewa idan jininsa ya hau, don ƙeyarsa takan yi nauyi. Wani kuma ya ce ya ajiye maganin asibiti saboda jiri yake sa shi, alhali kafin ya fara sha garau yake. Kowace magana da ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma kowace tana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki idan ya riƙe ta yadda take. Bayanin dukansu yana komawa ga wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda tsawonsa bai wuce santimita 3 ba, amma shi ke daidaita matsin jini daga wannan bugun zuciya zuwa na gaba, ko mutum yana farke ko yana barci.

Kalmomin da za a riƙe

Matsin jini shi ne ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyinsa da shi. Lamba biyu na'urar awo ke nunawa: ta sama lokacin da zuciya ta matse ta turo jini, ta ƙasa lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin hawan jini idan awo a ranaku daban-daban ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Ba yawan jini ake nufi ba, don mai ƙarancin jini ma yana iya samun hawan jini. Abu uku ke tsayar da lambar: yawan jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya, yadda ƙananan jijiyoyin jini suka tsuke ko suka buɗe, da yawan ruwa da gishirin da ƙoda ta bari a jiki.

Jijiya iri biyu ce a wannan zance. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke bi. Akwai jijiyar saƙo, wadda ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Tushen ƙwaƙwalwa kuwa shi ne ɓangaren da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka, daidai saitin ƙeya, kuma mafi ƙasan sashensa shi likitoci ke kira medula. Jijiyoyin saƙo ba a manne suke da juna ba. Idan saƙo ya iso ƙarshen ɗaya, sai ta fesa wani sinadari a ɗan ratar da ke tsakaninsu, ta gaba ta karɓa. Waɗannan su ne sinadaran saƙo, wasu suna zaburarwa, wasu suna kwantarwa.

Hanyar da saƙon ke bi

A kowane gefen wuya, ƙasa da muƙamuƙi kaɗan, babbar jijiyar jinin da ke kai jini kai, wadda ake kira karotid, tana rabuwa biyu. A wannan mararraba, da kuma a lanƙwasar babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, akwai ƙarshen wasu jijiyoyin saƙo a cikin bangon jijiyar jinin. Aikinsu jin miƙewar bangon. Idan matsi ya ƙaru bango ya miƙe, sai su yawaita aika saƙo. Idan ya ragu, su rage. A 2018 ɗakin binciken Ardem Patapoutian a Amurka ya nuna, a jikin ɓeraye, cewa wasu ƙofofi biyu a fatar ƙwayoyin jijiyar, PIEZO1 da PIEZO2, suna da hannu a wannan ji. Gano waɗannan ƙofofi ne ya ba shi kyautar Nobel a 2021.

Saƙon yana hawa ta jijiyoyi biyu daga cikin goma sha biyun da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta tara da ta goma. Ta gomar ita ce fagus, wadda ke yawo har zuciya da huhu da hanji. Duk suna sauke saƙonsu a wani gungun ƙwayoyi a bayan medula da ake taƙaita sunansa da NTS. Sinadarin da suke fesawa a nan shi ne gulutamet, mai zaburarwa.

Daga nan direbobin da ke jigila tsakanin Madalla da Zuba za su fi kowa saurin ganewa, don tsarin totur da birki ne. A gaban medula ta gefe akwai wani gungu, RVLM, wanda ƙafarsa ke kan totur dare da rana. Yana aika saƙo ta cikin laka zuwa jijiyoyin zaburarwa, su kuma suna fesa noradiranalin a bangon ƙananan jijiyoyin jini su ɗan tsuke, a zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, a ƙoda ta riƙe gishiri. Reshe ɗaya yana zuwa wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke kan ƙoda, ta zuba adiranalin cikin jini. Idan matsi ya yi yawa, NTS yakan zaburar da wani gungu na tsakiya, CVLM, shi kuma ya fesa wa RVLM sinadarin GABA, mai kwantarwa, sai ƙafa ta ɗaga daga totur. A lokaci guda NTS yakan taɓa wani gungun da ke sarrafa fagus, ta fesa asetilkolin a zuciya, bugu ya ragu. Wannan shi ne birkin, kuma yana kamawa cikin bugu ɗaya. Zuciyar da aka raba da dukan jijiyoyin saƙo takan buga wajen sau 100 a minti. Fagus ce ke riƙe zuciyar mai lafiya a 60 zuwa 80 idan yana hutawa.

Ana ganin aikin a abu mafi sauƙi. Mutum ya miƙe daga tabarma, ko ya ɗago daga sujada ya tsaya. Nan take jini kusan rabin lita, wani lokaci fiye, yana gangarawa ƙafafu da ciki. Wanda ke komawa zuciya ya ragu, bangon karotid ya saki, saƙon da ke zuwa NTS ya yi ƙasa, GABA ya ragu, RVLM ya samu sarari. Cikin 'yan daƙiƙoƙi jijiyoyi sun tsuke, zuciya ta ƙara sauri, mutum ya wuce harkarsa bai san an yi komai ba. Idan gyaran ya makara, sai ya ga duhu-duhu ya dafa bango. Zafin watan Maris da Afrilu a yankin Suleja, azumi, gudawa, tsufa da ciwon suga duk suna sa ya makara.

Yadda aka gano

A 1866, a Leipzig ta ƙasar Jamus, Carl Ludwig da Elie Cyon suka gano wata jijiya a wuyan zomo wadda idan aka tsokane ta matsin jini ke faɗuwa. A ɗakin binciken Ludwig ɗin ne, a farkon shekarun 1870, Owsjannikow da Dittmar suka riƙa yanka tushen ƙwaƙwalwar dabbobi daga sama zuwa ƙasa, mataki-mataki. Matsi bai rushe ba sai da wuƙa ta iso medula. Heinrich Hering ya bayyana aikin mararrabar karotid a shekarun 1920, Corneille Heymans na Beljiyam ya faɗaɗa shi har ya samu Nobel ta 1938.

Ɓangaren sinadarai ya fito daga gwajin Otto Loewi na 1921. Ya tsokani fagus ɗin zuciyar kwaɗo har ta rage bugu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa zuciya ta biyu, ita ma ta rage. Ashe wani abu jijiyar ke zubawa, wanda daga baya aka tabbatar asetilkolin ne. Ulf von Euler na Suwidin ya gano noradiranalin a jijiyoyin zaburarwa a 1946. Takamaiman wurin RVLM bai fito sarari ba sai a shekarun 1970, lokacin da Pedro Guertzenstein, ɗan Brazil da ke aiki a Ingila, ya ɗiga sinadari mai kwantarwa a wani ɗan wuri a ƙasan medular kyanwa, matsin jininta ya faɗi warwas.

Jiki yakan saba, kuma nan matsalar take

Tambayar da ta kamata kowa ya yi ita ce: tunda akwai wannan tsari mai sauri haka, me ya hana shi sauko da hawan jini da kansa?

Amsar ta fito tun 1956, a gwajin McCubbin da Green da Page kan karnukan da aka sa wa hawan jini. Masu jin miƙewar nan ba su da wata lamba da aka rubuta musu tun haihuwa. Idan matsi ya daɗe a sama, kwana ɗaya ko biyu ma, sai su koma ɗaukar sabon matsayin a matsayin daidai. Da shekaru kuma bangon jijiya yana yin tauri, ya rage miƙewa, saƙonsa ya yi rauni. Mutumin da jininsa ya shekara biyar a 170 bisa 100, medularsa 170 take karewa. Ba ta ganin wani abin gyara, don haka ba ta tayar da wani ƙorafi.

Shi ya sa mai dogaro da nauyin ƙeya yake yaudarar kansa. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, kuma yawancin ciwon kai ba daga hawan jini yake ba. Sau da yawa ma ciwon ne da fargabarsa ke ɗaga lambar a lokacin awo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta manya biliyan 1.3 ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. A Najeriya bincike daban-daban sun sa adadin a wajen ɗaya cikin manya uku.

Shi ya sa kuma mai fara shan magani yake jin kasala ko jiri a makonnin farko. An sauko da shi daga 170 zuwa 135, medula tana ganin an yi ƙasa da inda ta saba. Wannan sabo yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma: idan aka ci gaba da shan magani, tsarin yakan koma kare sabuwar lambar. Wanda jirin ya dame shi, abin yi shi ne ya koma wurin ma'aikacin lafiya a auna shi a zaune da a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti uku da miƙewa, akwai abin gyarawa a yawan maganin ko nau'insa. Ajiye magani gaba ɗaya ba ya cikin gyaran.

Ƙoda ce ko ƙwaƙwalwa?

A nan masana suka daɗe suna ja-in-ja. Arthur Guyton na Jami'ar Misisipi ya tsaya kan cewa jijiyoyin saƙo na gyaran daƙiƙoƙi ne kawai, matsin watanni da shekaru kuwa ƙoda ce ke yanke shi ta hanyar yawan gishiri da ruwan da take fitarwa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. A 1973 shi da Cowley da Liard suka yanke jijiyoyin jin miƙewa a karnuka, matsi ya riƙa hawa da sauka ba kan gado, amma da aka haɗa lissafin yini guda, matsakaicinsa bai canza sosai ba.

Ɗaya ɓangaren, wanda Murray Esler na Melbourne ke cikin jagororinsa, ya auna noradiranalin da ke malalowa daga ƙoda da zuciya zuwa jini, ya samu ya yi yawa a kaso mai tsoka na masu hawan jini, musamman matasa da masu ƙiba. A ganinsu ƙodar ma umarnin medula take bi. Likitocin fiɗa na shekarun 1930 da 1940, irin su Reginald Smithwick a Boston, sun riƙa yanke jijiyoyin zaburarwa a gefen ƙashin baya, matsi kuma yana sauka, sai dai marasa lafiya da yawa ba sa iya tsayuwa ba jiri. An farfaɗo da dabarar a wannan ƙarni ta hanyar zura siririn bututu a ƙona jijiyoyin saƙon ƙoda kaɗai. Babban gwaji na 2014 bai nuna wani bambancin a zo a gani ba, gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna raguwa matsakaiciya, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urorin a 2023. Aiki ne mai tsada, na wanda magunguna suka gaza a kansa.

Mai nazarin hujjojin da idon basira zai ga rigimar ta fi zafi a takarda fiye da a jiki, domin sassan biyu suna magana da juna. Jijiyoyin zaburarwa suna sa ƙoda ta saki renin, wanda ke haifar da anjiyotensin, sinadari mai tsuke jijiyoyin jini. Shi kuma anjiyotensin, tare da gishirin da ke cikin jini, wasu ƙananan wurare a ƙwaƙwalwa suna ɗanɗana su kai tsaye, su aika wa RVLM ya ƙara ƙaimi.

Tunani, barci da gishiri

Maganar tunani tana da tushe. Sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da fushi suna da hanya kai tsaye zuwa medula, kuma a lokacin firgici sukan danne gyaran da aka bayyana a sama, matsi da bugu su hau tare. Mutanen Madalla da suka ga harin bam na ranar Kirsimeti ta 2011 a cocin St. Theresa, inda fiye da mutum 30 suka rasu, ba sa buƙatar a kwatanta musu wannan. Bincike ya nuna waɗanda fargaba ta zauna musu bayan bala'i sun fi saurin kamuwa da hawan jini. Kuskuren shi ne a ɗauka tunani ne kaɗai sanadi, har mutum ya ce tunda hankalinsa a kwance yake ba sai an auna shi ba, ko ya ce zai bar magani idan ya biya bashi.

Barci bai samu kulawar da ta kamace shi ba. A daren mai lafiya, jijiyoyin zaburarwa sukan lafa, matsi ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ma'aikacin da ke barin Madalla da asuba don ya riga cunkoson hanyar Kubwa, ya dawo bayan isha'i, yana rage wa jikinsa wannan hutu kullum. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa ya dawo da gurnani ya fi shiga haɗari. Kusa da masu jin miƙewa a wuya akwai wani ɗan ƙullutu mai auna iskar oksijin a jini. Duk lokacin da numfashi ya tsaya, yakan aika wa NTS saƙon gaggawa, matsi ya yi tsalle, sau da dama a awa ɗaya. A hankali zaburar takan zarce har rana. Matar gida ko abokin ɗaki ne ke fara lura da wannan, mai shi bai sani ba.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya, yajin tsire, taliyar leda da burodi. Kanwa ma sodiyam ce ta fi yawa a cikinta. A shekarun 1970 Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Ana yawan cewa baƙar fata gadon hawan jini suka yi. Gaskiya ne jikin da yawa daga cikinsu ya fi saurin amsa gishiri, amma binciken Richard Cooper da abokansa na 1997 ya samu kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a tsakanin baƙaƙen Amurka. Asali ɗaya, abinci da ƙiba da zama daban.

Inda magunguna ke taɓawa

Wasu magunguna a medula suke aiki. Metildopa, wadda aka fi sani da Aldomet kuma ake yawan ba masu juna biyu, takan rikiɗe a ƙwaƙwalwa ta zama sinadari mai kama da noradiranalin, ta rage saƙon zaburarwa daga tushe. Shi ya sa take kawo barci da bushewar baki. Kulonidin ma haka, kuma ita ce mafi haɗari a daina kwatsam, don jijiyoyin da aka danne sukan farka da ƙarfi, matsi ya wuce inda yake tun farko. Su atenolol da furofaranolol suna toshe wurin da noradiranalin ke sauka a zuciya, su ma ba a yanke su rana ɗaya.

Amma maganin da ya fi dacewa da yawancin mutanen wannan yanki ba ya bi ta ƙwaƙwalwa. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya jagoranta kuma aka buga a 2019, ya ɗauki marasa lafiya 728 a ƙasashen Afirka shida. Haɗin da ke da amlodifin a ciki, mai buɗe jijiyoyin jini kai tsaye, ya fi wanda babu ita sauko da matsi bayan wata shida. Amfaninta har da cewa a hankali take aiki. Maganin da ke faɗar da matsi cikin mintuna, kamar nifedifin mai saurin aiki da a da ake fasawa a ƙarƙashin harshe, yakan sa medula ta mayar da martani da bugun zuciya mai tsanani, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa kuma ya ragu. Likitoci sun bar wannan dabara, bai kamata a neme ta a kemis ba. A kemis ɗin ne kuma ake sayen magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, da wasu na mura, waɗanda ke ɗaga matsi su rage ƙarfin maganin hawan jini. Zoɓo marar sukari ya nuna ɗan tasiri a ƙananan gwaje-gwaje, tasirin da bai kai ya maye gurbin magani ba.

Idan hanyar ta samu matsala

Suman da ke kama ɗalibi a layin taron safe, ko mai rakiya da ya ga jini a asibiti, yawanci fagus ce ta yi aiki fiye da kima yayin da jijiyoyin jini suka saki. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa yana sume. A wasu tsofaffi mararrabar karotid takan yi saurin amsawa, har wuyan riga mai matsewa ko juya kai da ƙarfi ya sa su faɗi, don haka murza gefen wuya da sunan sauko da jini ganganci ne.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna, wadda ta ratsa Madalla, tana kawo nau'in matsala biyu masu tsanani ta hanyar haɗarin mota. Wanda ya karye a wuya ko saman baya, saƙon RVLM ba ya wuce wurin raunin, jijiyoyin jini su saki gaba ɗaya, matsi ya faɗi ko da bai zubar da jini ba, kuma naɗe shi a cusa a bayan mota yana iya ƙarasa yanke lakar. Wanda ya bugu a kai kuma jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa, medula takan ɗaga matsi sosai don ta tura jini cikin ƙwaƙwalwar da ke matsuwa, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice. Harvey Cushing ya bayyana wannan a 1901. Ɗan acaɓan da ya faɗi, aka auna shi aka ga 200 bisa 110 da bugu 50, ba ƙwayar hawan jini yake buƙata ba, asibitin da ke da hoton ƙwaƙwalwa da likitan fiɗa yake buƙata cikin gaggawa.